Dodon Bello da Dodon Inna

A gidanmu na Minanata, da an idar da magariba lokacin ɗari, Inna takan ja tabarma kusa da murhu mu zagaye ta, ta yi mana tatsuniya. Kakarmu ce, kuma ido ɗaya gare ta. Agana ta tafi da na hagu tun tana ƙarama. Ba wanda ya taɓa zancensa.

Sai shekarar da Kawu soja ya kawo ɗansa Bello hutu daga Ikko, da gem ɗinsa da ake jonawa a talabijin. A ciki akwai wani ƙaton dodo mai ido guda a tsakiyar goshi, wai daga tatsuniyoyin Girkawa aka ɗauko shi, kuma ba ya mutuwa sai an soke idon. Muka watsar da Inna, muka tare a falo.

Ranar da ta leƙo kiranmu, Bello ya nuna talabijin ya ce, "Inna, ga ɗan'uwanki." Wasu suka yi dariya. Ta juya ta koma ɗakinta.

Washegari aka ɗauke wuta, muka koma murhu dole.

"Ku matso," in ji ta. "Gatanar yau gajera ce."

Wai an yi wani dodo mai ido ɗaya da ke zaune a ƙofar gari, bai taɓa cin kowa ba. Wani yaro marar kunya ya harbe idon da gwafa don abokansa su yi dariya. Dodo ya lalubi hanya ya bar garin. Ashe idon nan kuraye suke tsoro. Suka shigo, suka fara da yaron, daga ƙafafu.

"Mi ne sunan yaron?" wata ƙanwata ta tambaya.

"Shi ya san kainai," in ji Inna, tana gyara itace. "Ga shi nan zaune."

Bello ya fashe da kuka. Ba ta lallashe shi ba, ta kuma daina kiransa maigidana, kamar yadda take tsokanar sauran jikokinta maza. Har ta rasu, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Na daɗe ina ganin ta tsananta wa yaro. Sai da na girma na lura ita ce ke sauraron kukan kowa a gidan nan, amma ranar da aka yi mata dariya, a cikinmu babu wanda ya bi ta ɗaki.