Ragon Kirsimeti a Zangon Kumasi

Litinin, Zariya

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito da akwatina a ka, ana saura kwana takwas Kirsimeti, a shekarar da ƙasar Gwalkwas ke shirin karɓar mulkin kanta. Ni Yakubu tela, da ban taɓa wuce Kaduna ba, wai yau ni ne zan tafi Kumasi! Kiristoci masu jin Hausa a can ne suka aiko a tura musu mai yi musu karatu ranar biki, ni kuwa na ɗaga hannu tun ba a gama karanta takardar ba. Ina da tawa a ciki. Yayana Sani yana Zangon Kumasi yana fataucin goro, kuma tun da na zama Kirista shekara tara da suka wuce, wasiƙa shida na aika masa, ko ɗaya bai amsa ba.

Inna ta rako ni bakin zaure da carbinta a hannu. Ta ce, "Ban hana ka addininka ba, ban hana shi nasa ba. Amma kada ka dawo mini sai kun sa hannu a kwano ɗaya." Na ce to. Jirgin ƙasa ya tashi bakwai saura kwata.

Laraba, Ikko

Mil ɗari shida da 'yan kai, kwana biyu cur a kan benci! Da muka zo haye Kwara a Jebba na leƙa taga har hulata ta kusa tafiya. A Ikko na sauka gidan wani Bakano mai saukar da baƙi, na ci teba da miyar kuɓewa, na je na kalli teku.

Alhamis da Juma'a, hanyar Ankara, babban birnin Gwalkwas

Ƙarfe shida muka hau babbar mota mai bodin katako. Muna shiga ƙasar da Faransa ke mulka direba ya koma hannun dama, na yi ihu na ce zai kashe mu. Ya ce, "Malam, zauna, nan haka suke tuƙi." Motar duka ta kwashe da dariya. Sau uku 'yan kwastan suka zazzage akwatina kafin mu fita Lome.

Kusa da ni akwai Alhaji Bala, wani Bakatsine mai fataucin shanu. Da aka tsaya azahar ya miƙo mini buta. Jama'a, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na karɓa, na zagaya bayan mota na laɓe har suka idar. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da kaina, kai da za ka tsaya gaban jama'a ka yi karatu, buta ɗaya ta kore ka? Har na fara tambayar kaina ko hanyar da na ɗauka ta kai a ce na rasa ɗan'uwa saboda ita.

Washegari, muna kan jirgin fito a kogin Balta, na daure na ce, "Alhaji, ni fa Kirista ne." Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai, amma ka cuce mu! Da ka faɗa tun jiya, ai da kai ka tsare mana kaya muna salla." Daga nan har Ankara ni ne mai gadi.

Asabar, Kumasi

Mun bar Ankara bakwai na safe, mil ɗari da sittin da tara cikin daji mai duhu, muka iso uku da rabi. Zango kuwa sai ka ce an ɗauko unguwa guda daga Arewa an dasa: ga masu tsire, ga huhunan goro, Hausa ta ko'ina, an gauraya da Turanci da Asante. Mai masaukina Mma Saratu ce, wata dattijuwa Bagurunsa mai sayar da koko, ita ce uwar Kiristocin wurin. Ta ce, "Akwaaba, sannu da zuwa, ɗana! Ka rame, zauna ka ci dokunu." Wani dunƙulen masara ne mai tsami a cikin ganye, na ci biyu.

Ban huta ba na nufi gidan da nake aika wasiƙu. Na yi sallama sau uku, na faɗi sunana. Wani mutum ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ce Sani ba ya nan. Na juyo na koma masauki, ban kuma gaya wa kowa ba.

Lahadi

Ɗakin sujadarsu rumfar kwano ce a hanyar Ashanti New Town, mutum talatin ba su cika ba: 'yan dako, masu gadi, matan 'yan sanda. Kowa da harshensa, Hausa ce ta haɗa su. Da na fara karatu wani tsoho ya fashe da kuka, wai rabonsa da jin addu'a da Hausar gida tun yana soja. Aka buga ganga, aka yi rawa, ni ma na cashe!

Litinin, jajibere

Da hantsi aka jawo ragon biki tsakar gidan Mma Saratu. Ni da zumuɗi na naɗe hannun riga na ɗauki wuƙa. Sai ta daka mini tsawa, "Ajiye! In ka yanka da hannunka, wa zai ci? Gidan nan ɗaki goma sha biyu ne, tara Musulmi ne. Da Salla su kawo mini nama, ni in ci nawa ni kaɗai?"

Na ce, "Mma, ragon Kirsimeti kuma a ba wani ya yanka? Ya halatta kuwa?"

Ta ce, "Kai ka san littafi, ni na san maƙwabta. Malam Dogo ke yanka mana, shekara bakwai ke nan, ko tsoka ba ya karɓa. Ga shi nan ma."

Na waiwaya. Dogon mutum ya sunkuyo ta ƙofa da wuƙarsa a cikin kube, gemu ya fara furfura. Wallahi ko a cikin dubu na san wannan tafiyar. Yaya Sani ne! Ya gan ni, ya tsaya cak. Ni kuwa gaisuwar da na yi mako ina shiryawa ta gudu.

Ya wuce ta gabana. Ya kayar da rago, ya fuskantar da shi gabas, rago ya yi ta harbin iska. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yakubu, har yanzu ba ka iya riƙe rago ba? Kama ƙafafun mana, yadda Baba ya koya mana." Na durƙusa na kama, hawaye na zuba a kan gashinsa. Ya yi bisimilla ya yanka.

Yana wanke wuƙa na ce, "Yaya, shekaranjiya na zo."

Ya ce, "Ina ciki. Kunya ce ta hana ni fitowa. Wasiƙunka shida suna cikin akwatina. Shekara biyu ina fushi da kai, sauran kuma na rasa ta inda zan fara."

Na ce, "To, me ya kawo ka yi wa Kiristoci yanka?"

Ya ce, "Na ce ko kai ma a can wani zai yi maka, kada ka ci naman bikinka kai kaɗai."

Talata, Kirsimeti

Bayan sujada Mma Saratu ta rarraba nama ɗaki-ɗaki, ta zubo mana shinkafa da wake a kwano biyu. Yaya ya juye nasa cikin nawa. Ya ce, "Hanyarka dai ban yarda da ita ba, har gobe." Na ce, "Na sani, Yaya." Ya ce, "To, sa hannu." Ya yi bisimilla, na yi addu'ata, muka cinye tas, har ya ture mini ƙashin da muke faɗa a kansa muna yara.

Komawa gida

Alhamis Yaya ya raka ni tasha da huhun goro na Inna. Kwana shida na yi a hanya, na iso Zariya ranar Laraba da la'asar. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Mma Saratu da ta ƙwace wuƙa a hannuna, da Alhaji Bala da ya ba ni aikin gadi.

Inna ko kallon goron ba ta yi ba. Ta ce, "Kun ci?" Na ce, "Mun ci, Inna, kwano ɗaya." Ta kama hannuna na dama da hannayenta biyu, ta riƙe, ta daɗe ba ta sake shi ba.