Gwangwani na Bakwai

Da aka buɗe katafaren kanti a tsallaken titi, mai hawa biyu da fitilu kamar filin jirgi, kowa ya ɗauka tsohon kantin ya gama yawo. Shi tsohon reshe ne na wani kamfani da bai wuce garuruwan yankin ba, ƙofarsa ta gilashi sai an taimaka mata da kafaɗa, kekunan sayayyarsa kuwa rabinsu guragu ne. Mutane suka tsallaka suka kashe ƙwarƙwatar ido, bayan wata biyu yawancinsu suka dawo. In an tambaye su dalili, wani ya ce sabo turken wawa, wata ta ce a can sai ka gaji da bulayi ba wanda zai tambaye ka me kake nema. Masu goyo dai amsarsu ɗaya ce: Kawu.

Kawu shi ne mai kula da layi na shida, inda ake jera madarar jarirai da ƙunzugu da man shafawa. Da dako ya fara a sito shekara goma sha tara da suka wuce, har wani kwalin sabulu ya goce masa ya taɓa gwiwarsa ta hagu, aka dawo da shi cikin kanti. 'Ya'yansa biyar duk mata, don haka ba abin da uwa za ta tambaya ya tsaya susar ƙeya. Ya san wane jariri ne madara kaza ke kumbura wa ciki, ya san wanda haƙori ya fara yi wa ƙaiƙayi. Matarsa takan ce da za a tambaye shi shekarun autarsu sai ya ƙirga da yatsu, amma watannin 'ya'yan mutane suna kansa kamar karatu.

Wata Talata da safe, wajen ƙarfe goma, manaja ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Manajan matashi ne, watansa huɗu da zuwa, kuma tun da aka buɗe kantin tsallake ba ya barci da ido biyu rufe. Ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Saƙo ne daga babban ofis: kamfanin da ke yin wata madarar jarirai ya gano ƙwayar cuta a wani rukuni da ya fitar, duk gwangwanin da lambar ƙasansa ta ƙare da arba'in da bakwai a janye shi daga kanta yanzu. Sanarwa ga jama'a sai gobe, bayan an gama tsara kalmominta.

Kawu bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya tafi layinsa ya dinga kifa gwangwanaye yana duba ƙasansu. Kwali ɗaya aka kawo na wannan lamba, guda ashirin da huɗu, shi da hannunsa ya jera su ranar Asabar. Sha bakwai ya samu. Ya sake ƙirgawa, ya leƙa bayan kanta, ya duba sito. Sha bakwai dai.

Manaja ya ce a kwashe su shiru a kulle, gobe sanarwa za ta fito, wanda ya saya zai ji. Ya ce in maganar ta fita ta bakinsu kafin babban ofis ya ba da izini, 'yan tsallake za su yi musu tallar da ba za su manta ba, kuma shi za a fara sallama. Yana magana yana goge zufa, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

"Yallaɓai," in ji Kawu, "jariri ba ya jiran gobe. Duk awa uku yake cin abinci."

Manaja ya kira babban ofis sau uku, ana ce masa suna taro. Ya ajiye wayar. Can ya ce shi bai aiki kowa ba, bai kuma hana kowa ba, ya miƙa wa Kawu makullin babur ɗin kai kaya.

Babbar kashiya ta bi rasit na kwana uku. Huɗu daga cikin gwangwanayen masu katin kanti ne suka saya, lambobin wayarsu suna nan, aka kira su, duk ba su buɗe ba. Biyu kuwa Kawu ya tuna da kansa: matar mai gyaran tabarau ce, mai tagwaye, shagon mijinta bai fi taku ɗari ba. Mai gadi ya ruga ya dawo da su a leda. Saura ɗaya.

Da kashiya ta karanto lokacin da aka sayar da shi, jiya ƙarfe biyar saura, Kawu ya tuna wadda ta saya. Wata dattijuwa ce mai tafiya da lema ko ba ruwa, ba ta da kati, ba ta riƙe waya. Jikanta sati shida da haihuwa, uwar tana kwance a asibiti tun da aka yi mata aiki, ita ke renonsa. Jiya shi ya miƙo mata gwangwanin daga saman kanta, ta kuma ce masa na gida zai kai su gobe da rana. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, sha ɗaya saura kwata.

Bai san gidanta ba. Abin da ya sani kawai, ɗanta mai gyaran firji ne, don ta taɓa tsayawa gaban firjin nama ta saurari ƙararsa ta ce da ɗanta ya ji wannan da tuni ya kwance shi. Aka kira makanikin da ke yi wa kantin gyara, ya ce masu wannan sana'a a garin sun fi talatin, amma wanda matarsa ke asibiti ya san shi. Ya ba da lamba. Wayar ta yi ta ruri ba a ɗauka. Makanikin ya ce ƙila yana cikin ɗakin sanyi na mahauta, can waya ba ta shiga, amma shagonsa yana bayan tankin ruwa, kusa da wani mai walda.

Direban kai kaya ya goya shi a babur. Shagon a kulle yake. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ƙare wa rigar kanti da ke jikin Kawu kallo, ya ce shi ba ya nuna gidan mutum ga wanda bai sani ba. Kawu ya faɗa masa gaskiyar maganar a taƙaice. Mutumin ya kashe injinsa nan take, ya kwatanta: bene mai hawa uku bayan makarantar kurame, hawa na ƙarshe, ƙofar da ke kallon tanki.

Ana gyaran kwalbati a hanyar, babur ba ya wucewa. Kawu ya sauka ya bi ta kan katakon da aka gitta, yana jan ƙafa. Rabon da ya yi sauri irin wannan tun kafin gwiwar ta lalace. A matakalar bene sai da ya kama ƙarfe da hannu biyu, a hawa na biyu numfashinsa ya fara sarƙewa, daga can sama kuma yana jiyo kukan jariri, irin kukan yunwa mai yankewa yana dawowa. Bai yi sallama yadda ya kamata ba, dukan ƙofar ya yi da tafin hannu.

Dattijuwar ta buɗe, kwalbar madara a hannunta tana girgiza ta. A kan tebur bayanta ga gwangwanin, murfinsa a gefe.

"Inna, kada ki ba shi. Don Allah ajiye kwalbar nan."

Ta gane shi, amma ganinsa a ƙofar ɗakinta ya ruɗa ta, har ta tambaya ko ta manta wani abu ne a kanti. Ya karɓi kwalbar daga hannunta, ya kifa gwangwanin ya duba. Arba'in da bakwai. Ya tambaye ta ko yaron ya sha daga ciki. Ta ce na tsohon gwangwanin bai kai yadda ta zata ba, da safe wajen ƙarfe takwas ta buɗe wannan, ya sha sau ɗaya, wannan ne na biyu. Sai ta zauna a hannun kujera.

Kawu ya ce ta ɗauko mayafinta da katin asibitin yaron. Shi ya rungumi jaririn suka sauko, ita tana biye da gwangwanin a leda, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Direba ya tare musu tasi a bakin titi.

A asibiti likita ta karanta saƙon da manaja ya tura wayar Kawu, ta ce za a riƙe yaron a sa masa ido, gara da aka zo kafin ya ƙara sha. Suna zaune a benci uban yaron ya iso, hannuwansa duk baƙin mai. Da ya ji abin da ya faru bai tsaya tambayar wanda ya yi madarar ba. Ya cakumi wuyan rigar Kawu ya haɗa shi da bango, ya ce guba suke sayar wa mutane, in wani abu ya sami ɗansa sai ya ga bayan kantin nan. Uwarsa tana janye shi tana cewa wannan bawan Allah shi ya hau bene ya zo. Kawu bai kare kansa ba. Ya ce da hannunsa ya miƙa gwangwanin, wannan gaskiya ne.

Da yamma zazzaɓi ya rufe yaron, cikinsa ya ɓaci. Kwana uku Kawu yana tashi daga aiki ya biya asibiti, ya tsaya daga bakin baranda inda uban ba zai gan shi ba, ya tambayi nas. A rana ta huɗu aka ce zazzaɓin ya sauka, yaron ya karɓi abinci.

Babban ofis ya turo takardar tuhuma, yana son sanin wanda ya fitar da magana kafin sanarwa. Manaja ya zauna ya rubuta cewa shi ya ba da umarni, ya sa hannu, bai ko nuna wa Kawu ba. A bakin kashiya Kawu ya ji. An ja wa manajan kunne, aka bar shi a kujerarsa.

Labarin ya zaga unguwa ta bakin mai walda da matar mai tabarau. Wasu suka daina sayen madara a kantin, ba kuma wanda ya ga laifinsu. Wasu da ba a taɓa gani ba suka fara zuwa, suna tambayar ina layi na shida. Dattijuwar ta dawo bayan sati uku. Ta ɗauki gwangwani ta miƙa masa ta ce idonta ba ya ganin ƙananan lambobi, ya karanta mata. Tun daga ranar haka suke yi.

Ɗan nata ya rantse ba zai ƙara taka kantin ba, ya kuma riƙe rantsuwarsa wata biyar. Ranar da ya shigo, Kawu yana durƙushe yana jera ƙunzugu a kantar ƙasa, sai ya ga takalma masu baƙin mai sun tsaya kusa da shi. Mutumin bai gaishe shi ba, bai kuma ambaci abin da ya wuce ba. Ya daɗe yana karanta bayan wani kwali, sannan ya ce, ba tare da ya dube shi ba, yaron ya fara zama, matarsa kuma ta ce a tambayi Kawu wane abinci ake fara ba su.

Kawu ya dafa kanta zai miƙe, gwiwar ta ƙi. Mai gyaran firji ya ajiye kwalin ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi.