Kore ko Shuɗi

Babanmu shekara talatin da biyu ya yi yana hawa turakun wayar tarho, kuma ko da ya yi ritaya bai yarda da abin da ba shi da waya a jiki ba. Da aka kawo mana intanet gida, shi ya kafa rauta a falo, wato akwatin da ke raba intanet ɗin, ya ja kebul ta bayan labule har ɗakin autarmu, inda tsohuwar kwamfutarmu take. Ita kuwa ba ta san wayifai ba, sai kebul. Kowace waya a gidan nan da takardarta a manne, ya rubuta inda ta fito da inda ta nufa. Mama kan ce ko ita bai kula da ita haka ba.

Ranar da Auta za ta yi intabiyun aiki ta bidiyo, ƙarfe goma na safe, kwamfuta ta ƙi kamawa. Shekara biyu yarinyar nan tana neman aiki, wannan ne karon farko da aka kira ta. Wayar hannu kuwa ba zancenta, a gidanmu sai ka tsaya bakin ƙofa ka ɗaga hannu kafin ka samu sabis.

Baba ya kashe rauta ya kunna, ya bi kebul da hannu, ya ce kan kebul ɗin ne ya lalace. Ya yanke, ya fere, siraran wayoyi takwas suka fito, kowace da launinta, kuma dole a jera su bi da bi kafin a matse sabon kai. Ya jera, ya matse, ya soka. Shiru. Ya sake. Shiru.

Tara da rabi ta wuce. Auta na zaune ta yi kwalliya, tana ta murza yatsu. Ni kam raina ya fara ɓaci.

"Baba, don Allah a kira mai gyara mana," na ce.

"Mai gyaran wa ya koya masa?" ya ce, bai ko ɗago ba.

Kai ɗaya ya rage a gwangwaninsa. Sai na ga ya ɗauki wayoyin ya matsa bakin taga, ya kawo su dab da hanci, ya nisanta, ya sake kawowa. Nan na tuna watannin nan Mama ke karanta masa saƙon waya, wai tabarau ya ɓata. Kunya ta kama ni.

Sannan ya miƙa wa Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, wannan koriya ce ko shuɗiya?"

"Shuɗiya ce, Baba."

"To. Ki riƙa faɗa mini."

Tana faɗa, yatsunsa na jerawa, ko rawa ba su yi ba. Ya matse, ya soka. 'Yar fitilar bayan kwamfuta ta fara ƙyaftawa, goma saura minti huɗu. Auta ta yi tsalle ta faɗa kujera.

Baba na durƙushe, fitilar tana gabansa bai fi taki ɗaya ba. Ya juyo wajena.

"Ta kama?"