Inna a Tsohon Butik

Shekarar da mahaifinmu ya rasu na je Matankari na ɗauko Inna zuwa Dogon Dutsi. Ba ta roƙe ni ba. Ni ne babba, ina da butik, wato shago, a kasuwa, kuma ba na son a ce uwata tana daka a ƙauye ni ina gari ina shan shayi da madara.

Ta zo da tabarma da tukunya da wani kwando rufe da baƙin zane. Kayan iskokinta ne a ciki, na doguwar da ta gada wajen kakarmu. Ni kuwa ban daɗe da shiga sahun samarin wa'azi ba, gemu ya fara fitowa, wando ya ɗage, kaina da zafi. Na tare ƙofa na ce wannan kwando ba zai kwana a gidana ba.

"To ni ma ba ni kwana," in ji ta, idonta a ƙasa.

Ina da tsohon butik a bakin kwalta, wanda na bari da na samu wuri cikin kasuwa. Na sa aka share shi, aka shimfiɗa katifa bayan kantar sayar da kaya, na ce ga ɗaki. Har yabona aka yi a majalisa, wai na raba gaskiya da ɓata ban yar da uwa ba. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Wanda ya gina butik bai gina shi don mutum ya zauna ba. Babu taga, babu tsakar gida, babu makewayi sai ta zagaya gidan maƙwabta da butarta. Ƙofar ƙarfe ce mai ganye biyu, kai tsaye kan hanya. In ta buɗe, duk mai wucewa yana ganin abin da take ci. In ta rufe, kwano ya gasa ta. Matar da ta shekara sittin bayan darni, ga ta tana ɗaura zane 'yan kabu-kabu na kallo. Rubutun da ke saman ƙofa ma ban goge ba, shi ya sa baƙi ke leƙowa suna tambayar ashana da sukari. Da ta faɗa wa matata, dariya na yi.

Abu ɗaya take so, ta koma gida. Ba ta taɓa faɗa mini da bakinta ba, sai dai ta ɗauki kwandonta ta kama hanyar Matankari da ƙafa. Sau biyu ana maido mini ita, sau ɗaya a kan amalanke, mutane na kallo. Ban ji tausayinta ba, kunyar kaina na ji.

Ƙofar butik ta waje kawai take kulluwa, don kaya ba su kulle kansu. Sai na fara sa kwaɗo in zan tafi kasuwa, in bar mata ruwa a gora, in dawo da azahar in buɗe. Na gaya wa kaina hanyar akwai manyan motoci, tsare ta nake yi.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, motar kaya ta iso mini daga Najeriya. Aka yi ta saukewa, aka yi ta ciniki. Na yi azahar cikin jam'i, sahun farko, makulli na aljihuna. Ban tuna da ita ba sai da aka kira la'asar.

Ƙarfen ƙofar ya ƙona mini hannu. Da na buɗe, zafi da wari suka buge ni. Gorar ta bushe. Tsohuwa ta kasa riƙe kanta, ta yi a kusurwa ta rufe da tsumma. Ga ta kuma zaune bisa kantar butik ɗin, leɓɓanta sun tsage, ta jera tabarma da tukunya da kwando a gefenta tsaf.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni, kaya ne suka zo."

Ta dube ni cikin ido.

"Sannu da zuwa, mai butik. Duba da kyau. Kayanka na nan, babu abin da yaɓ ɓace."

Kwana uku bayan haka kawuna ya zo ya tafi da ita. Bai zage ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. Butik ɗin na ba wani malamin lakwal, makarantar boko, haya, shi ne ya fasa taga a bango.

Inna ta ƙara shekara shida a Matankari. Ina zuwa duk sallah da buhun shinkafa da turmin zane, ina durƙusawa gabanta kamar kowane ɗa. Takan amsa gaisuwa da kyau, ta tambayi hanya, ta tambayi kasuwa. Daga nan sai ta juya wajen jikokinta ta ce a kawo wa mai butik ruwa, ya sha ya koma kada a yi masa sata.