Ɗakin da Iyaka ta Ratsa

Shekarun baya can, zamanin da Faransi ke ɗibar mutane aikin dole, ina saurayi mai ƙafar yawo. Mahaifiyata kan ce ko a kan tabarma nake zaune, ɗuwawuna na tambayar hanya. Lakwal ma, makarantar Nasara, wata uku kawai na yi na tsere, abin da na kwaso bai wuce ƙirga da "wi mushe" ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Kore Mairuwa, dab da ƙasar Ingilishi. Da aka yi girbi sai labari ya zo cewa kumandan na Dogon Dutsi yana son ƙarti na fasa dutsen hanya, kuma maigari ya sa ni ciki. Na ga waɗanda suka dawo bara. Wani da tari ya dawo, bai ga damina ba. Kwana biyu na kasa zama, na kasa tsayuwa, tuwo ma a tsaye nake cinsa.

Dabarar da kowa ya sani ita ce tsallaka iyaka. Gardi, ɗan sandan kumandan, ba ya bin mutum can, don an taɓa tuɓe wa wani jar hula saboda ya shiga ƙasar Ingilishi da bindiga. Sai dai masu gudu nisa suke yi. Ni kuwa ina son tsira, ina kuma son furar mahaifiyata kullum da hantsi. Na ce bari in yi ɗaki daidai bakin iyaka.

To, iyakar ba katanga ba ce. Duwatsu biyu ne Nasara suka kafa, ɗaya arewa, ɗaya kudu, da tudu tsakaninsu, ba ka tsayawa wurin ɗaya ka hangi ɗayan. Na je wurin na arewa, na miƙe kudu sak, sannan na karkata gabas da ɗan dama, har na ji a jikina na zama ɗan Ingilishi. Nan na kafa ɗakin kara, na zagaye da zana, ƙofa na kallon yamma kamar ta kowa, don ruwa daga gabas yake bugowa. In masu zuwa rijiya sun wuce sai in ɗaga musu hannu in ce, "Ku gai da mutanen Faransi!"

Ran nan da safe mahaifiyata ta kawo fura, abokina ya rako ta. Shi ya daɗe a lakwal, kuma ya taɓa ja wa masu awon hanya sarƙa. Ba mu ko buɗe ƙwarya ba sai ga gardi bisa doki, da igiya a kafaɗa. Na faɗa ɗaki na hau gado.

"Fito, ɗan nema!" in ji gardi.

"Ranka shi daɗe, nan ƙasar Ingilishi ce," na ce daga ciki.

"Wa ya ce maka?"

"Ƙafata."

Gardi ya yi tsaki, amma bai sauko ba. Shi ma bai san inda iyakar take ba, kuma yana son hularsa. Sai abokina ya ce, "Ranka shi daɗe, mu auna mana. Duwatsu biyu sun isa su gaya muna gaskiya." Na so in leƙo in shaƙe shi.

Suka tafi, aka bar ni da mahaifiyata a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. In kwanta, in tashi, in leƙa ta ramin zana, in koma. Na ce zan ruga gabas, ta ce, "Doki ya fi ka ƙafa, zamna." Na zauna, na miƙe. "Kai ɗan nan, za ka huda ƙasa," in ji ta.

Sai bayan azahar suka dawo, abokina ya yi gumi sharkaf. Ya tsuguna a ƙofa yana zane a ƙasa da tsinke, ni ina leƙe. Ya ce sun tashi daga dutsen arewa, rana a kafaɗar hagu, suka miƙe kudu taki dubu biyu kafin su zo daura da dutsen kudu. Amma dutsen bai tare su a gaba ba, yana can gabas, sai da suka ƙara taki ɗari huɗu.

"Ka gani," ya ce wa gardi, "iyakar ba kudu sak ta nufa ba, a karkace take. Duk taki biyar da ka yi kudu, ta gusa taki ɗaya gabas. Ka faɗa mini kudu nawa, in raba biyar, in faɗa maka inda take."

"To ɗakin wanga sakarai fa?"

"Taki ɗari biyar kudu. Ke nan iyaka tana taki ɗari gabas."

"Shi kuma nawa ya yi gabas?"

Abokina ya share gumi. "Ɗari."

Ashe duk karkatar da na yi ina taƙama, iyakar tana biye da ni a hankali kamar kare. Abokina ya kafa sanda arewa da ɗakin, ya kafa wata kudu, ya kanne ido ɗaya ya duba. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda nake so. Sannan ya ce layin ya ratsa tsakiyar ɗaki: ƙofa da randa na Faransi, gado na Ingilishi.

Na naɗe ƙafafuna bisa gado kamar sabuwar amarya.

Gardi ya sauko, ya zauna a bakin ƙofa, ya jawo ƙwaryar furata. "Ba komi," ya ce. "Fitsari zai fiddo ka. Inna, miƙo ludayi."

Kuma gaskiyarsa, tun hantsi nake matse. Ina jin yana kurɓar furar nan, kowace kurɓa kamar a marata take sauka. Na duba ƙofa, na duba igiya. Sai idona ya faɗa kan wuƙar da nake ajiyewa ƙarƙashin gado. Na yanke zanar gabas, na sulale ta baya, na tsuguna cikin ƙasar Ingilishi na yi abin da ya dame ni, gardi yana jin sautinsa.

Dariya ta kama shi har ya ƙware. Da ya tashi tafiya ya ciro kyauren ƙofar ya ɗaure a bayan doki. "Wannan dai namu ne," ya ce.

Daga baya na tambayi abokina ko da gaske nan layin ya bi, ko ya ɗan tausaya mini. Ya ce, "Takin mutum ba sarƙa ba ne." Bai ƙara ko kalma a kan zancen ba har ya bar duniya.

Abin da na koya shi ne, in ka ce ka miƙe, tambayi daga ina zuwa ina. Ni dutse ɗaya na sani, na ɗauka na san hanya.

Na toshe ƙofar yamma, na zauna a ɗakin nan damina uku, har aka daina aikin dole. Duk hadarin da ya taso daga gabas ni yake fara gaisarwa, a kan gado. Mahaifiyata kan zagayo da fura ta same ni jiƙe kamar kaza, ta ce, "Sannu, Bature." Har yau in na ji iskar gabas sai in ɗage ƙafafu sama, ko a cikin ɗakin siminti nake.