Tambayoyi Huɗu a Kan Bargo

Ni da malaminmu ya sha wuya kafin ya cusa mini izu ɗaya a ka, ni ce na koya wa 'yar Yahudawa Ibrananci. Wallahi ba ƙari.

Lokacin reno nake yi a unguwar Flatbush, nan ƙasar Turawa, gidan wasu likitoci, mata da miji, da 'yarsu mai shekara shida. Kullum daga unguwarmu Highbridge nake tasowa, in bar tawa 'yar wajen maƙwabciya, in sha zama a jirgin ƙasa har ƙugu ya ƙage. Iyayen nan ba sa zama. Shayi ma a tsaye suke kurɓa.

Wata safiya madam ta tare ni a ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta ce idinsu ya kusa, wanda suke tuna kuɓutarsu daga Fir'auna. A al'adarsu, autan gida ne ke miƙewa a gaban tebur ya rera tambayoyi huɗu da Ibrananci. Surukarta za ta zo, tsohuwa mai ciwon zuciya, kuma ɗanta da kansa ba ya sa ran za ta ga idin baɗi. Shekara biyu tana roƙon ta ji muryar jikarta, ana ce mata an kusa. Madam ta damƙa mini takarda da aka rubuta kalmomin da boko, ta ce za ta turo mini yadda ake rerawa ta waya. Har yau ina jira.

Na ce to, Fir'auna dai ba baƙona ba ne, mu ma mun san tsiyarsa. Amma hanyar karatu ɗaya na sani. Na shimfiɗa bargo a falo, na sa yarinyar ta tanƙwashe ƙafa. In biya ta maimaita, muna rangaji gaba da baya, da muryar islamiyyarmu ta Fagge.

"Anti, me wannan kalmar take nufi?"

"Ke dai haddace. Mu ma ba wanda ya gaya mana."

Da ludayi nake buga ƙasa in ta yi kuskure, don a ƙasar nan ko hararar yaro ka yi sai ka ga 'yan sanda. In ta kai ƙarshe lafiya, in ɗaga hannu in gode wa Allah in shafa. Ashe ja'irar ta ɗauka har da wannan a cikin karatun.

Ranar idi na tsaya taya su aiki. An cika tebur, ga wani burodinsu busasshe kamar kwali. Aka kira yarinyar. Maimakon ta miƙe, sai ta ruga ta jawo bargo, ta zauna dirshan a gaban kakarta, ta fara rangaji. Ta zuba tambayoyin nan tas da muryar Fagge, ta ɗaga hannu, ta shafa a fuska.

Uban ya ƙware, sai tari yake. Madam ta juyo ta zuba mini ido. Na ce a raina, shi ke nan, gobe sai neman wani aikin.

Tsohuwa kuwa hawaye take. Ta ce babanta haka yake rangaji in yana karatu, rabonta da ganin haka tun tana yarinya. Ta ce, "Muryar dai ban san inda aka kwaso ta ba, amma ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba." Ta sa aka maimaita mata sau biyu. Sannan ta yafito ni daga ƙofar kicin, ta riƙe hannuna.

"'Yata, kina da yara?"

"Ɗaya, Mama. Shekararta bakwai."

"Ita ma haka take zuba naku?"

Na ce, "Sosai ma."

Ƙarya na yi. Tawa a tsakiyar Fatiha take maƙalewa, ta tambaye ni da Turanci me ke gaba, ni kuma in ce sai na dawo daga aiki. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

Tsohuwa ba ta ga idin baɗi ba, amma ta ji jikarta. Ni kuwa ranar Lahadin da ta biyo bayan idin nan na kashe talabijin, na shimfiɗa bargo a falonmu. 'Yata ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa zai kwana a nan.

Na ce, "Zauna. Tanƙwashe ƙafa."