Inna Amsa da Miyar Juma'a

Shekara arba'in Inna Amsa tana dafa miyar naman sa duk Juma'a a ƙauyenmu, kusa da Dawakin Tofa. Da idonta ya yi rauni, sai ɗanta Naziru ya hana ta zuwa bakin murhu, matarsa Zakiyya ta karɓi girkin.

Ranar farko Inna ta juya musu baya don fushi. Can sai ta ce, "Zakiyya, tumatirin nan ya daina surutu, mai ya taso. Zuba naman!"

Zakiyya ta leƙa tukunya, ta ga haka ne.

"Inna, yaya aka yi kika gani?"

"Ji nake yi, 'yar nan. Da ido ake miya?"

Naziru ya yi dariya, ya mayar mata da kujerarta gefen murhu.